Keken da ya dace da kai, Yaya, da maganar da ka yi a kan matan Zangon Tamale

Assalamu alaikum Yaya. Saƙonka ya iso, kuma tambaya biyu na gani a cikinsa, ɗaya a fili, ɗaya a lulluɓe. Ta fili ita ce wane irin keke za ka saya wa kanka da yaronka mai zuwa sakandare, tunda kuɗin mota ya fi ƙarfin albashi tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Ta lulluɓe kuwa ita ce wadda ka rufe saƙon da ita: wai da gaske ne mu matan Hausawan Gana keke muke hawa har kasuwa, mazajenmu kuma suna kallo ba sa cewa komai? Zan amsa maka duka biyun, domin a wurina ba sa rabuwa.

Ka yi daidai da ka tambayi mutumin Tamale batun keke. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, babu tudun da zai sa mutum ya sauka ya tura, kuma manyan titunanmu suna da hanyar masu keke a gefe, daban da ta motoci. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, manomi da ɗaurin doya, tsohuwa da buhun gawayi, duk a kan keke ko babur za ka gan su. Ni kuma a rumfar keke na girma. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, yana da rumfa kusa da kasuwar Aboabo, yana gyara yana sayar da kayan gyara, yanzu ƙanena ne a wurin. Tun ban iya ɗaura zane ba na iya jera boris a cikin giris.

Duk wanda ya zo sayen keke, Baba ba ya fara tambayarsa nawa ya zo da shi. Sai ya ce: me za ka ɗora masa, wace hanya za ka bi, kuma wa da wa za su hau? Mutumin ƙauye daga wajen Savelugu ko Tolon, wanda zai ɗaura buhun masara ko jarkokin ruwa ya bi jar hanya mai ramuka, Phoenix ake ba shi, baƙin keken nan na ƙasar Sin mai taya inci 28 da birkin ƙarfe. Wani ma mai sanda biyu yake nema, sannan ya kai wa mai walda ya ƙara wa kariyar ƙarfi. Wannan keken ba shi da giya, saboda haka babu abin da zai rikice a daji wanda mai faci na ƙauye ba zai iya gyarawa ba, kuma kayansa suna ko'ina. Shi ne ya gaji Raleigh na zamanin iyayenmu, wanda har a Kano ɗinku aka taɓa harhaɗa shi.

Amma kai ba buhu za ka ɗauka ba, ofis za ka tafi da jaka. Phoenix yana da nauyi, ɗaga shi a tsallake kwata ma aiki ne. Birkinsa kuma a kan rim ɗin ƙarfe yake kamawa, in ruwan sama ya jiƙa shi sai ka matse ka ji keken yana ci gaba da tafiya kafin ya kama. A ƙauye wannan ba komai ba ne. A cikin gari, inda a daidaita sahu zai tsaya a gabanka ba sanarwa don ya ɗauki fasinja, babban abu ne.

Abin da zan ce ka nema shi ne irin waɗanda muke kira hom-yus, wato kekunan da aka yi amfani da su a Japan, ake lodo su a kwantena. Namu ta tashar jiragen ruwa ta Tema suke shigowa, a hauro da su arewa a tirela. Za ka gane su da kwando a gaba, da murfin kaca, da madigadi gaba da baya, da makulli a jikin tayar baya, sau da yawa har da 'yar takardar rajistar da aka manna musu can da rubutun Japan ba ta goge ba. Wasu fitilarsu a cibiyar tayar gaba take samun wuta, duhu na yi ta kama da kanta. Wasu suna da giya uku a ɓoye cikin cibiyar tayar baya, ƙura ba ta shiga. Yawancinsu ba su da sandar sama, ƙarfen ya sauko ƙasa, mutum ya zura ƙafa ta gaba ya hau ba sai ya wurga ta ta baya ba.

Na san abin da za ka ce: ai wannan keken mata ne. A nan ma akwai masu faɗin haka, amma limamai da dattawanmu da yawa shi suke hawa, saboda dalili ɗaya. Mai kaftani ko jallabiya in ya hau mai sanda, rigar takan tattare ta rataye a sirdi, in an zo tsayawar gaggawa ƙafarsa ba ta samun ƙasa da wuri. Da wannan kuwa sai dai ka zame gaba kawai ka tsaya da ƙafa biyu. Murfin kacar kuma shi zai hana bakin wandon shaddarka ya sha baƙin mai ko kaca ta cafke shi. Mutumin da ya haura hamsin, gwiwa ta fara magana, wannan shi ne kekensa.

Abu biyu ka duba kafin ka biya. Na farko lambar da ke jikin tayar. Akwai masu inci 26, akwai masu 27, kuma ko a cikin 26 ɗin ba duka ne girmansu ɗaya ba, tayar keken hawan dutse ba ta shiga rim ɗin keken Japan ko da duka an rubuta musu 26. Ka kwafi lambar gaba ɗaya, ka je wurin mai sayar da taya na unguwarku ka tambaye shi ko yana da ita da tib ɗinta. In ya ce sai an aiko, bar wannan keken komai kyansa. Na biyu birkin baya. Wasu suna da wani irin birki a cibiyar taya wanda in ya tsufa yake ƙara mai tsinka kunne, mutane kuma sai su ɗiga masa mai don ya yi shiru. In aka sa masa mai ya daina kamawa ke nan. Ka hau ka gwada shi da kanka, ka matse na baya shi kaɗai ka ga ko tayar za ta ja ƙasa.

Shi kuma yaron, na san abin da idonsa zai kai: mai launi, mai giya barkatai, da wani sifirin a tsakiya yana lotsawa. Kada ka biye masa. Masu arha a cikin irin waɗannan nauyi ne da su, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin da yaro ke takawa, giyar kuma da ta sha ƙurar hunturu ta fara tsalle, kaca tana zamewa a tsakiyar titi. Rumfar ƙanena cike take da gawarwakinsu. In hanyar makarantar tasa mai yashi ce da ramuka, nemi keken hawan dutse na hannu wanda jikinsa sandararre ne ba sifirin, mai faɗin taya, a sa masa madigadi da kariya. In kwalta ce, irin naka ya ishe shi.

Kada kuma ka saya masa wanda ya fi shi da sunan zai girma a kai. Wannan shi ne kuskuren da iyaye suka fi yi a gaban Baba, yana kuwa mayar da kuɗin mutum a kan haka. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, sandar ba ta taɓa shi ba. Ya hau sirdi, ya sa diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ya karkata ƙugu ba. Yatsunsa su kai hannun birki ba tare da ya saki kan keken ba. Kai ma da wannan awon za ka daidaita sirdinka. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa.

Keken hannu kuma a duba shi da rana, a fili. Ka shafa wuraren haɗin ƙarfe, musamman bayan wuyan keken: in fentin ya tattare ko ya tsage a wurin, an taɓa yin karo da shi ta gaba. Ka tsaya a gefe ka dubi ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba, kada su zama sun lanƙwashe baya. Ɗaga kowace taya ka juya ta, ka ga ko tana rawa tana gogar birki. Kama ta ka girgiza hagu da dama, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ya ci. Ka matsa sifok bibbiyu da yatsu, kada ka ji wasu sun saki. Sannan ka sa a kwance sirdin a ɗaga shi a gabanka, don akwai wanda tsatsa ta kama shi ba ya motsi har abada. Sabon fenti a kan tsohon keke kuwa, ka tambayi abin da aka rufe.

To, yanzu ga ɗaya maganar. Yaya, ba kai ne na farko da ya faɗa ba. Duk wanda ya zo daga wajenku ya sauka a tashar Tamale, abin da ya fara ba shi mamaki ke nan, mace da hijabi har ƙasa tana tuƙa keke ko babur, goyo a baya, kwando cike da kayan miya. Daga nan sai a yanke mana hukunci: waɗannan sun zama Dagombawa, wato 'yan asalin ƙasar Tamale, Hausancin ya tafi, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Wannan karin maganar na ji ta a bakin baƙi har a tsakar gidanmu, suna cin tuwonmu.

Mu ba gudun gida muka yi ba. Kakan Baba bafatake ne daga ƙasar Kano, yana cikin ayarin da ke kai kanwa da tufafi da fata Gwanja su komo da goro, tafiyar watanni ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa su, wasu suka yi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi da Larabci da ajami, ya zauna har ya rasu a 1934, wasu suka yi Yeji da Kumasi. Namu ya tsaya Yendi, ɗansa kuma ya dawo Tamale bayan Turawa sun mai da ita hedikwatar arewa a 1907. Goron da kakanninku suka raba a ɗaurin aure da suna, a kan jakunan kakanninmu ya iso. Kuma ayarin nan ba maza kaɗai ba ne. Akwai mata a ciki, suna girki, suna nasu cinikin, suna hawa jaki in ƙafa ta gaji. Mahaifiyar Alhassan Dantata kanta 'yar kasuwa ce da ta zo ta zauna a Accra. Bahaushiyar hanya ta daɗe tana fita neman halalinta, ba a Tamale aka fara ba.

Kakata ta wajen uba Badagomba ce. Ita ta raine ni, a bakinta na koyi Dagbanci, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai ta tsare lokacin salla ba. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, zango ya rikice. Baba ya ba mu labarin yadda mutane ke kawo kekunansu da kekunan ɗinkinsu suna sayarwa a kuɗin da bai kai na taya ba, don su sami na mota. Ƙanen kakana ya tafi da iyalinsa, ya bar Raleigh ɗinsa mai murfin kaca da tuntayen ulu a rumfa ya ce a ajiye masa, bai sake dawowa ba. Mu kuwa 'yan'uwan kakata ne suka zo suka zauna a ƙofar gidanmu, suka ce waɗannan jininmu ne, a nan aka binne cibiyarsu. Saboda haka in wani ya ce mini auren Dagombawa ne ya ɓata mu, sai in tuna cewa wannan auren ne ya tsare mana gida. Waɗanda suka koma ɗin ma, da yawansu an riƙa kiransu 'yan Gana a garuruwan kakanninsu.

Ni ma mijina Badagombe ne, na san ka sani, kuma na san an yi maganar a dangi lokacin. Namiji Bahaushe ya auri 'yar gari ba wanda ke cewa uffan, amma a ba ɗan gari 'yar Hausawa sai a ce an yi asara. Musulmi ne, a makarantar Anbariyya ya yi karatu, ya biya sadaki, an yi mini lalle da kamu da buɗar kai yadda aka yi wa Inna. 'Ya'yana a nan Dagombawa ne, domin uba ake bi, ba na ɓoye wannan. Amma Hausa suke yi da ni, sun san a durƙusa a gaida babba, sun san kunyar ɗan fari, kuma babbar 'yata in ta dama miki fura ko ta tuƙa tuwo da miyar kuka ba za a ce ba a Kano aka haife ta ba. Keken farko da na mallaka shi ya saya mini, bayan na haihu, don in daina tafiyar ƙafa da goyo a zafin ranar watan Maris.

Ka dubi abin ta nan. A Kano, da aka ga bai dace mace ta hau bayan ɗan acaɓa ba, sai aka kawo a daidaita sahu a zamanin Malam Shekarau don a raba mata da wannan. Niyyar mai kyau ce. Mu ma yanzu muna da irinsu, yalo-yalo muke ce musu, kuma a cikinsu mace takan matsu da namijin da ba ta sani ba. Wadda ke kan kekenta ita kaɗai ce, ba ta jingina da kowa ba, ba ta tsaya a bakin titi ana kallonta tana jiran abin hawa ba, ba ta roƙi kowa ya rage mata hanya ba. Ta kai yaro asibiti, ta je islamiyya, ta dawo kafin la'asar. Malamanmu sukan kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi salihan matan Ƙuraishawa a cikin matan da suka hau raƙuma. Ban ce sai matan gidanka sun hau ba, kowane gari da abin da ya saba. Abin da nake roƙo shi ne a daina auna tarbiyyarmu da shi.

Inda suturar take da magana shi ne wajen haɗari, kuma wannan ya shafe ka kai ma mai babbar riga. Dogon hijabi ko mayafi in ya sauka gefen tayar baya, sifok yana kama bakinsa ya naɗe cikin ƙiftawar ido, ya fizgo mace ta wuya ta baya. Na ga wadda aka kawo kekenta rumfa da hijabin a naɗe cikin cibiyar taya, sai da aka sa reza aka yanka, ita kuma tana asibiti da karayar kafaɗa. Shi ya sa kowace yarinya a gidanmu, kafin a bar ta ta fita titi, sai ta iya shiri: dogon wando a ƙarƙashin zane, ta tattaro bayan hijabin ta zauna a kansa, gaban kuma ta cusa shi tsakanin cinya da sirdi ko ta kama da fil. Kekunan Japan da yawa suna zuwa da wata raga ta roba da ta rufe saman tayar baya, masu gyara sukan cire ta su yar don tana hana su aiki. Ka hana a cire. In babu, a yanka jarka a ɗaure da waya, tana aiki.

Ragar nan kuma ita ce ke tsare ƙafar yaron da aka goya a kariya. Ƙanena, wanda ke rumfar yanzu, yana da tabo a diddige har yau. Wani almajirin Baba ne ya goya shi zuwa makarantar allo, barci ya ɗauke shi, ƙafar ta shiga taya. Tun daga ranar Baba bai sake barin keke ya fita daga rumfarsa da kariya ba tare da ya ɗaura masa matakin ƙafa ba. In za ka riƙa ɗaukar ƙaramar 'yarka, a sa mata kujera mai jingina da wurin sa ƙafa, kuma da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Batun hular kwano kuwa, a nan ba ni da bakin yin alfahari. Mutanenmu ba sa sawa. Doka ta wajabta wa masu babur, amma sai ka ga an rataye ta a hannu, ba a ɗora ta a kai sai an hango 'yan sanda, masu keke kuwa ba a ma maganarsu. Maza su ce za ta ɓata karin hula, mata su ce ɗaurin ɗankwali ba zai shiga ba, kowa ya ce zafi. In ka matsa sai a ce maka abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ku ma na tuna a farkon 2009, da aka tilasta wa 'yan acaɓa sa hular, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a kai. Duk unguwar da ka shiga a nan akwai gidan da suka rasa ɗa, ko suke jinyar wanda ya bugu a kai bai koma daidai ba. Hannu da ƙafa in sun karye ana ɗori, ƙwaƙwalwa ba a yi mata.

Ta keke daban take da ta babur: marar nauyi ce, mai ramukan shan iska, cikinta wani farin abu ne mai kama da soso amma da tauri. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kai, don haka in an taɓa faɗuwa da ita sau ɗaya ta gama aiki, ko da ba a ga tsaga a waje ba. Saboda wannan ne nake cewa keke ka saya na hannu, amma hula ka sayi sabuwa. Ka leƙa cikinta ka nemi tambarin gwaji, na Turai ana rubuta EN 1078, na Amurka CPSC. Hular leburorin gini ba ta wannan aikin ba ce. Ta zauna daidai a kai, ba a tura ta ƙeya ba, tsakanin gira da bakinta faɗin yatsu biyu. Igiyar ta rabu a ƙarƙashin kowane kunne, a ɗaure a haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Ka sa yaron ya girgiza kai, in ta yi rawa ta yi masa yawa. Hularka ta zanna ka sa ta a kwando, in ka isa ofis ka kafa abarka. 'Ya'yana mata siririn hijabi suke sawa a ƙarƙashi, ba ƙulli ba tulin gashi a ƙeya, sannan hular a sama. Da farko an yi musu dariya a makaranta, ban janye ba.

Bayan hula sai fitila, kuma in kuɗi ya gaza har ka rasa wanda za ka fara saya, ni fitilar zan ce in dai za ka kai magariba a hanya. Fara a gaba, ja a baya. Yanzu akwai ƙanana da ake caji da cajar waya, a cire a sa aljihu in an ajiye keke. Tocilan a baki ko hasken waya a hannu ba fitila ba ce, tana cinye maka hannun birki. Mai mota da ke tahowa ta bayanka ba ya ganin baƙin keke da mutum mai duhun kaya sai ya zo dab, balle a cikin hazon hunturu, wanda naku ma ya fi namu kauri. Ƙyallin da ke jikin feda kada a ɓalle shi, motsinsa sama da ƙasa shi ke fara gaya wa direba cewa keke ne. Rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi ba ta da tsada, a ɗora a kan kaya ko a ɗaura a jakar makaranta. Ƙararrawa ma a sa, saboda masu tafiya a ƙasa da awaki.

Ka kuma gaya wa yaron, da babbar murya, kada ya tuƙa yana fuskantar motoci wai don ya riƙa ganinsu. Mai fitowa daga kwana ba ya duban wannan ɓangaren. Kada ya shiga tsakanin tirela da bakin titi, musamman in za ta karya kwana, domin direban ba ya ganinsa kuma tayoyin baya suna yanko ciki. Kada ya kama bayan mota ta ja shi. Kada ya toshe kunne da waƙa. Mu da muke da hanyar keke ma 'yan tireda da masu babur sun cinye rabinta, sai mutum ya yi ta fita yana shiga cikin motoci. Kai ka fi ni sanin titunanku, ku bi hanyar tare da shi ranar da ba makaranta, ku zaɓi ta cikin unguwa ko da ta fi nisa.

Akwai abin da ke ci mini rai, tunda magana ta zo. In ɗanmu ya je Kano ya buɗe baki, dariya ake fara yi masa, a ce Hausarsa ta Gana ce, ba ya bambanta mace da namiji. Gaskiya ne Hausar titin zango ta sauya, ta zauna fiye da shekara ɗari a tsakanin Dagbanci da Tuwi da Turanci, dole ta ɗauki wani abu. Amma ku tambaya ku ji wane harshe Bafrafre da Bamoshe da Bazabarme suke ciniki da shi in sun haɗu a zangon Kumasi ko unguwar Nima ta Accra. Ku tambayi da wane harshe ake fassara tafsiri a masallatan zango da azumi. Babban limamin ƙasar nan, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda shugabannin ƙasa ke zuwa gaishe shi, jinin Hausawa ne. Mun riƙe harshen nan ba gwamnati a bayanmu, ba sarki, sai iyaye mata da makarantar allo da rediyo. Mu muna sauraron labarinku kullum, mun san sunayen unguwanninku, in an yi gobara a kasuwarku a nan ana jajanta wa juna. Ku kuwa sai a tambaye mu ko akwai masallaci a garinmu. Tun rasuwar Baba ba wanda ya tako daga wajenku, mu ne kullum masu zuwa.

Saura makulli. Na jikin tayar baya yana hana a hau a gudu ne kawai, ba ya hana a ɗauka a jefa a mota, don haka ka haɗa da sarƙa mai kauri, ka zarga ta cikin jikin keken ka ɗaure da ƙarfe ko bishiya, ba a taya kaɗai ba. Ka sayi famfo naka na gida wanda bakinsa ya dace da bawul ɗin, domin na kekunan Japan daban yake da na mota. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke yawan faci, tana kuma sa tuƙi nauyi. Kaca a goge ta da tsumma kafin a ɗiga mata mai kaɗan, man keken ɗinki ya fi baƙin mai, wanda ke tara ƙura ya cinye haƙoran. Robar birki kuma a canza ta tun ba ta kai ƙarfe ba.

Ka auno mini tsayin yaron da naka, ka ɗauko hoton lambar tayar duk keken da ka gani kafin ka biya, zan nuna wa ƙanena ya duba. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Gwaggo man kaɗanyar da ta ce a aiko yana nan na ajiye, mai zuwa nake jira.